Faya-fayan simfoni da aka manta da su: ta ina mutum zai fara?

Sabon Kunne ya rubuta:

Assalamu alaikum, malamaina da yayyena masu sauraron kiɗan okestira, wato babbar ƙungiyar makaɗa. Shekara uku ke nan da na fara bin manyan simfoni, dogayen kaɗe-kaɗen okestira masu babi-babi, na ƙarshen zamanin Romantik, wato waɗanda aka rubuta daga wajejen 1870 zuwa Yaƙin Duniya na Ɗaya da ɗan abin da ya biyo baya, kuma a duk tsawon wannan lokaci ban fita daga da'irar sunaye huɗu ko biyar ba. Idan kiɗan Bruckner ne sai madugu Karajan, idan na Mahler ne sai madugu Bernstein, manhajar da nake sauraro a kanta ma su take turo mini kullum, kamar babu wanda ya taɓa tsayawa gaban makaɗa da sanda a hannu in ba su ba.

A makon jiya ina lalube sai na ci karo da wata simfoni mai suna Asrael ta Josef Suk, kuma sunan ne ya tsayar da ni, domin na gane Mala'ikan mutuwa ake nufi. Ɗaukar da na samu ita ce ta Václav Talich da okestirar Filhamonik ta ƙasar Cek, wadda aka yi a 1952. Mintuna biyar na farko ban ji daɗinsu ba ko kaɗan. Akwai wani "shuuu" da ke ƙarƙashin kiɗan, sautin kuma a matse yake, kamar an tara makaɗa kusan ɗari a ɗaki ana jin su ta taga guda. Har na kai hannu zan kashe, sai aka iso wurin da babbar ganga take dukan nan mai nauyi a babi na farko, na janye hannuna, ban kuma motsa ba sai da sa'a guda ta cika.

Tambayata kashi biyu ce. Abin da ya kama ni, kiɗan Suk ne ko kuwa yadda waɗannan mutane suka kaɗa shi a wannan faifai? Sannan ina roƙon waɗanda suka riga ni a wannan hanya su nuna mini wasu faya-fayan irin wannan, waɗanda ba a cika ambatonsu ba, tare da bayanin abin da ya kamata kunne ya nema a cikinsu, domin jerin sunaye kawai ba zai amfane ni ba.

Tsohon Faifai ya amsa:

Wa alaikumus salam, ɗana. Ka shiga ta ƙofa mai kyau, kuma amsar tambayarka ta farko ita ce duka biyun ne, sai dai ba za ka iya raba su ba sai ka san abin da ya haifi kiɗan. Suk ɗalibin mawallafin kiɗa Dvořák ne kuma surukinsa, domin ya auri 'yarsa Otilie. Dvořák ya rasu a watan Mayu na 1904, sai Suk ya fara rubuta simfoni domin tunawa da shi, da niyyar ya rufe ta da babin yabo da godiya. Yana tsakiyar aikin, a watan Yuli na 1905, Otilie ta rasu da ciwon zuciya tana da shekara 27. Daga nan ya watsar da ƙarshen da ya tsara, ya rubuta sababbin babuka biyu domin matarsa, aka kuma fara kaɗa aikin a birnin Prag a 1907. Shi ya sa babuka uku na farko suke tafiya a haɗe ba hutu, sannan a yi shiru, sannan babi na huɗu ya zo da wata murya dabam, mai taushi, inda goge guda ɗaya yake magana kamar mutum yana kiran sunan wadda ba za ta amsa ba.

Talich kuwa abokin Suk ne na kusa. Shi ne ya jagoranci kaɗawar farko ta wani babban aikin Suk a 1918, kuma ya san yadda mawallafin yake so jimlolinsa su yi numfashi, saboda ya ji daga bakinsa. Idan ka koma faifan, ka lura da babi na biyu, inda sarewa da begila suke riƙe da sauti guda ɗaya na tsawon lokaci ba su sake shi ba, sauran makaɗa suna tafiya a hankali a ƙarƙashinsa. Na ji madugai na zamani sun bi ta wannan wuri sumul, sauti mai tsabta ƙwarai, amma a hannun Talich sautin nan yakan tsaya wa mutum a kunne kamar ciwon da ya ƙi tafiya, kuma ina ganin abin da Suk ya nufa ke nan.

Game da "shuuu" ɗin nan, kada ya dame ka. Kunne yakan saba da shi cikin mintuna goma, kamar yadda yake sabawa da ƙarar fanka, muddin ba ka tashi daga sabon faifai ka faɗa kan tsoho kai tsaye ba. Shawarata ita ce ka saurari ɗaukar mono, wato mai fitar da sauti ta hanya guda, ta lasifika maimakon abin sawa a kunne, domin na'urar kunne tana cusa dukan sautin a tsakiyar kai, lasifika kuwa tana barin ɗakin da kake ciki ya ba shi fili. Kada kuma ka rage sautin sama da yawa don ka kashe "shuuu", saboda tare da shi za ka kashe hasken gogunan. Sitiriyo, mai raba sauti hagu da dama, bai shiga kasuwa a faifan garmaho ba sai 1958, don haka duk wanda ya ce ba zai saurari mono ba ya rufe wa kansa ƙofar mutanen da suka yi zamani da mawallafan nan, suka gaisa da su hannu da hannu.

Abu mafi daraja da tsofaffin faya-fayai suka adana, a ganina, shi ne karin harshen kowace okestira. A shekarun 1950 da 1960 mutum zai iya rufe ido ya ce waɗannan 'yan Prag ne, waɗancan 'yan Leningrad ne, waɗancan kuma 'yan Paris. Masu busa na Cek suna da wani zaƙi mai ɗan kaifi, ƙahonsu yana ɗan rawar murya, begilar Rasha kuwa tana huda okestira gaba ɗaya ta fito. Yau makaɗa suna karatu a makarantu iri ɗaya, suna yawo daga ƙasa zuwa ƙasa, ƙwarewa ta ƙaru amma karin harshen ya ragu. Idan kana so ka ji wannan sauti na Prag cikin sitiriyo mai kyau, nemi simfoni ta tara ta Mahler da Karel Ančerl ya ɗauka da okestirar nan tasu a 1966, a kamfanin Supraphon. Ančerl ya tsira daga sansanonin 'yan Nazi na Theresienstadt da Auschwitz, matarsa da ɗansa kuwa suka halaka a Auschwitz, amma ba za ka ji yana kuka da kiɗan ba. Yana tafiya kai tsaye, kowace murya a fili, babi na uku yana cizo kamar an wasa masa haƙora, babi na ƙarshe kuma ba ya jan sa har ya tsinke. Na daɗe ina mamakin yadda ake lissafa faya-fayan wannan simfoni a tsallake nasa, kuma ina zargin dalilin bai wuce cewa kamfanin yana bayan katangar Yaƙin Cacar Baka ba, inda tallansa bai isa kasuwannin Yamma yadda na manyan kamfanoni ya isa ba.

Mai Son Selo ta amsa:

Baba Tsohon Faifai ya gama magana kan Prag, ni kuma zan ja ka zuwa Viyana, ƙanena, domin akwai simfonin da take 'yar'uwar Asrael ta wajen abin da ya haife ta. Franz Schmidt, wanda ya rayu daga 1874 zuwa 1939, ya rasa 'yarsa tilo Emma a 1932 bayan ta haihu, sai ya rubuta simfoninsa ta huɗu a 1933 a matsayin makokinta, aka fara kaɗa ta a Viyana a 1934 ƙarƙashin Oswald Kabasta. Shekarar ta yi nisa da zamanin Romantik a lissafin kalanda, amma harshen kiɗan na wancan zamani ne tsantsa. Tana buɗewa da begila guda ɗaya, ita kaɗai, babu mai raka ta, tana bin wata hanya mai lanƙwasa kamar wadda ba ta san inda za ta sauka ba. Bayan kimanin mintuna 45 na kiɗa wanda ba ya yankewa, sai dukan okestira ta janye a bar begilar nan ita kaɗai da waƙarta ta farko, a nan kuma aikin yake ƙarewa.

Faifan da nake nufi shi ne na Zubin Mehta da Filhamonik ta Viyana, wanda kamfanin Decca ya ɗauka a 1971, lokacin Mehta yana da shekara 35. Mutane sun san Mehta da manyan bukukuwa da cika ido, shi ya sa da yawa ba sa tsammanin irin wannan natsuwa daga gare shi, alhali a Viyana ya yi karatun jagoranci a hannun Hans Swarowsky. Abin da ya fi muhimmanci shi ne Schmidt kansa ya yi shekaru yana kaɗa selo, wato babban gogen nan da ake jinginawa tsakanin gwiwoyi, a okestirar gidan opera na Viyana zamanin da Mahler yake shugabanta. Saboda haka idan aka zo kashi na biyu, inda selo guda yake rera makoki a kan bugun tambura mai kama da bugun zuciya, makaɗan suna kaɗa kiɗan ɗan gidansu ne. Na saurari wannan wuri ban san adadi ba, kuma har yau nakan ajiye duk abin da ke hannuna idan ya zo. Wani ɓangare na dalilin da ya sa aka yi watsi da Schmidt shi ne 'yan Nazi sun rungume shi bayan sun haɗe Ostiriya a 1938, har suka ba shi aikin wata waƙar yabo wadda ya mutu bai gama ba, kuma wannan tabo ya bi sunansa shekaru da yawa.

Na biyu shi ne Hans Rott, abokin karatun Mahler kuma ɗalibin Bruckner a darasin ogan, babban kayan kiɗan coci mai bututu. Ya gama simfoninsa a 1880 yana da shekara 22, ya kai wa babban mawallafi Brahms, Brahms ya kushe ta. A watan Oktoba na shekarar, yana cikin jirgin ƙasa, ya zaro bindiga ya hana wani fasinja kunna sigari, yana cewa Brahms ya cika jirgin da nakiya. Ya rasu a asibitin masu taɓin hankali a 1884, ba a kuma kaɗa simfonin a bainar jama'a ba sai 1989, a birnin Cincinnati na Amurka, inda Gerhard Samuel ya jagoranci okestirar ɗalibai, kamfanin Hyperion kuma ya fitar da ɗaukarsu. Ka saurari babi na uku, sannan ka sa babin rawa na simfonin Mahler ta farko, wadda aka gama a 1888, ka ji da kunnenka wanda ya riga wani.

Gardama Ba Faɗa Ba ya amsa:

Ina neman afuwar Baba da Yaya, amma dole wani ya ɗan taka birki, domin na ga masu tara faya-fayai da yawa sun kamu da wata cuta, wadda ita ce son abu saboda kawai ba kowa ya san shi ba. Ba kowane abin da aka manta aka zalunta ba. Simfonin Rott da Yaya ta ambata misali ce mai kyau: akwai baiwa a cikinta wadda ba mai musu, amma aikin saurayi ne da bai taɓa jin kiɗansa a zaure ba balle ya gyara. Ɗan ƙarfen nan mai kusurwa uku yana ƙara a cikinta har ya gundure mutum, babi na ƙarshe kuma yana ta haramar sallama yana fasawa, ga jigonsa, wato babbar waƙar babin, da ya yi kama da na simfonin Brahms ta farko ƙwarai. Ɗaukar Cincinnati tana da darajar tarihi, amma ɗalibai ne, kuma ana ji. Wanda yake so ya auna aikin da adalci ya nemi ta Jakub Hrůša da okestirar Bamberg, wadda ta fito a 2022.

Akwai kuma wani tarko da ya kamata Sabon Kunne ya sani kafin ya fara kwatanta faifai da faifai, wato sau da yawa ba rubutu ɗaya madugan suke kaɗawa ba. Simfoni ta biyu ta Rachmaninoff ta yi shekaru ana yanke mata manyan gutsattsari. Ɗaukar Kurt Sanderling da Filhamonik ta Leningrad a 1956 tana cikin mafi zafi da na taɓa ji, gogunan kamar za su kama da wuta, amma yankakkiya ce, kuma faifan André Previn da okestirar Simfoni ta Landan na 1973 ne ya sa jama'a suka saba da jin ta cikakkiya. Wanda bai san wannan ba zai ce Sanderling ya fi iya riƙe tsari, alhali an rage masa kayan da zai ɗauka ne.

Lamarin Bruckner ya fi haka rikitarwa, domin shi da kansa ya riƙa sake rubuta ayyukansa. Simfoninsa ta uku tana da siga ta 1873 da ta 1877 da ta 1889. Ta takwas kuma, bayan madugu Hermann Levi ya ƙi karɓar sigar 1887, sai Bruckner ya sake ta, ya fito da ta 1890, inda babi na farko yake mutuwa a hankali maimakon ya ƙare da amo kamar yadda yake a da. A nan ne zan ba da nawa sunan, don kada a ce na zo rushe na mutane kawai. Georg Tintner ya gudu daga Viyana a 1938, ya yi rayuwarsa a Niyu Zilan da Ostireliya da Kanada, nesa da manyan zauruka, sai da ya kusa shekara 80 kamfanin Naxos mai araha ya ba shi damar ɗaukar dukan simfonin Bruckner tsakanin 1995 da 1998, ya kuma rasu a 1999. Ta uku da ya ɗauka da okestirar ƙasa ta Sikotilan, a sigar 1873, ta kai mintuna 77, alhali sigar 1889 ba ta cika sa'a guda a hannun yawancin madugai. Wasu na cewa ya cika nawa, kuma a babi na farko nakan ɗan yarda da su. Okestirorin da aka ba shi ma ba su kai na Balin ko Viyana kaurin sauti ba, musamman ta Ailan da ya ɗauki ta takwas da ita. Duk da haka ban san wanda ya fi shi haƙuri da shirun da Bruckner yake sakawa tsakanin jimloli ba, yana barin amon ya mutu gaba ɗaya kafin ya ɗaga hannu, kuma daga gare shi na fara fahimtar cewa sigar farko gini ce mai tsarinta, wadda gyaran baya ya rushe wa wasu ɗakuna.

Sabon Kunne ya sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara sani. Na saurari Schmidt jiya da dare, kuma Yaya ba ta yi ƙari ba game da begilar nan. Na kuma karɓi gargaɗin Malam Gardama, domin da na kwatanta tsawon faya-fayai biyu na Bruckner ta uku a baya na ɗauka ɗaya madugun gaggawa kawai yake yi. Saura abu guda, Baba: a wani tsohon faifan sitiriyo na ji goguna suna fitowa ta hagu da dama suna amsa wa juna, alhali na saba jin su duka a hagu. Kuskuren masu ɗauka ne ko da gangan aka yi?

Tsohon Faifai ya amsa:

Da gangan ne, ɗana, kuma kunnenka ya fara aiki tun da ka lura da wannan. A zamanin Bruckner da Mahler da Suk, rukunin goguna na farko yana zama a hagun madugu, na biyu kuma a damansa, suna fuskantar juna, mawallafan kuma da wannan zama a ransu suka rubuta amsa-amon da ke tsakanin rukunan biyu. Daga baya ne aka koma tara su wuri guda a hagu, sauyin da ake yawan dangantawa da Leopold Stokowski, domin ya fi sauƙi su ji juna su tafi tare. Tsirarun madugai sun ƙi sakin tsohon tsari, cikinsu akwai Otto Klemperer da Adrian Boult da Rafael Kubelík.

A nan abin sawa a kunne yake da amfani, saɓanin abin da na gaya maka game da mono. Ka nemi simfoni ta shida ta Bruckner da Klemperer ya ɗauka a 1964 da okestirar New Philharmonia, wadda makaɗanta suka kafa da kansu a shekarar bayan mai tsohuwar ƙungiyar ya sanar da rushe ta. Ita kanta ta shida marainiya ce a cikin 'yan'uwanta: babuka biyu na tsakiya kawai aka kaɗa a 1883 Bruckner yana raye, sai a 1899, shekara uku bayan rasuwarsa, Mahler ya jagoranci dukan babukan huɗu, shi ma da yanke-yanke. A faifan Klemperer za ka ji goguna sun fara da wani ɗan bugu mai kaifi can sama, sannan jigon ya taso daga ƙasa ta ɓangaren hagu, domin a can yake ajiye manyan gogunansa masu kauri, masu busa na katako kuma suna gaba sosai yadda ba abin da yake ɓuya. Malam Gardama zai ce Klemperer ya yi saurin wuce babi na biyu, kuma ba zan yi masa musu sosai ba, ko da yake ni na fi son a bar wannan babi yana tafiya da ƙafafunsa. Idan ka gama da shi, ka koma farkon Mahler ta tara, ka lura cewa rukuni na biyu ne yake fara rera jigon, na farko yana jira. Klemperer ya ɗauke ta ita ma da wannan okestira a 1967, saboda haka sai ka ajiye nasa kusa da na Ančerl ka saurari mintuna uku na farko na kowanne, ka dawo ka gaya mana ta wane kunne jigon ya shigo maka.